Wayar da Na Bar wa Innarku

Rakiya, da ke zan fara, domin ke ce kika faɗi maganar a fili, ko da yake na san yayyenki biyu ma abin da ke ransu ke nan. Ranar sadakar arba'in ɗin Innarku, kina kwashe kwanoni a tsakar gida, kika ce da Inna ta kula da maganinta da ba ta rasa idonta ba. Na ji ki sarai, na yi kamar ban ji ba. Shekara uku ke nan maganar tana ci na. Yanzu ƙafa ta fara ƙi, kunne ma ya fara yi mini rowa, don haka gara in rubuta muku yadda idon ya tafi tun ina iya riƙe alƙalami. Innarku Hajo ba ta yi sakaci ba. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke wa kowa hukunci.

A shekarar da nake ba ku labari, saura mini shekara biyu in yi ritaya daga masana'antar siminti ta Malbaza, inda na daɗe ina kula da na'urorin da ke auna zafin babban tanderu. Innarku ba ta taɓa son zaman Malbaza ba. Ta gwada wata shida tun kuna ƙanana, ta ce ƙarar manyan motoci ba ta barin mutum ya ji kiran salla, ta tattara ku ta koma ƙauyenmu can ƙasar Bazaga, wajen awakinta da gonar wakenta. Ni kuma na zauna a ɗaki ɗaya bayan tasha, da tabarma, da rediyo, da wata tsohuwar kwamfuta da wani injiniya ya bar mini lokacin da aka yi masa canjin wurin aiki. Da ita na koya wa kaina rubuta manhaja, wato umarnin da ake jera wa na'ura ta bi. Babu wanda ya koya mini, babu kuma wanda zan yi hirar da shi. Idan an tashi aiki abokaina su nufi fada, majalisar hirarsu, shan shayi, ni in nufi ɗaki. Suka sa mini suna mai hira da akwati, ban ji haushi ba, domin gaskiya suka faɗa. In na gano wani abu mai daɗi a cikin aikin, sai in waiga in ga ba kowa a ɗakin sai takalmina a bakin ƙofa.

Da bazarar shekarar Hajo ta fara cewa tana ganin abu kamar ta cikin hayaƙi. Na kai ta Konni wajen likitan ido. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya yi nisa, na dama ne za a yi ƙoƙarin tsarewa.

"Abin da ya tafi ba ya dawowa," in ji shi. "Wanda ya rage shi muke gadi. Ɗigo ɗaya safe, ɗigo ɗaya yamma. Bayan wata uku maganin zai ƙare, ku dawo in sake aunawa in ba ku wani. Kada ku wuce ranar. Akwai wanda zai zauna da ita ya riƙa tuna mata?"

Na ce akwai. Ƙarya na yi. Ku ukun kun yi nisa, biyu suna Yamai da Tawa, ke Rakiya kina ɗakin mijinki da jinjiri. A gidan akwai Ladi matar ƙanena, amma ita ma da nata hidimomin. Wanda ya kamata ya zauna ni ne. Da na shiga buro, wato ofis, na nemi a sallame ni kafin lokaci, da an sallame ni. Na tsaya na auna shekara biyun da suka rage, na auna zaman ƙauye ba wuta ba kwamfuta, sai na ce wa kaina ai akwai dabara. A cikin motar komawa gida na gaya mata zan sa waya ta riƙa tuna mata.

"Malam, mi na na wahala?" ta ce. "Ka ce mini bayan asuba da bayan magariba, ya isa. Ranar komawa kuwa sai in sa ƙwarar wake goma sha ukku cikin ƙoƙo, duk ranar kasuwa in hidda guda. In sun ƙare sai mu tahi."

Na yi dariya har direba ya waigo. Na ce likita ya ce awa goma sha biyu daidai, asuba da magariba kuwa matsawa suke yi, wake kuma akuya na iya cinyewa. Ta kalli taga. Kun san Innarku, ba ta musu da ni a gaban mutane, ni kuma a lokacin na ɗauka duk wanda ya yi shiru ya yarda ne.

Wayar da na ware mata tsohuwa ce, irin wadda ake ɓalle bayanta a ciro batir. Ba ta ɗaukar sabon fitowar harshen da nake rubutu da shi, wanda ake kira Java. A sabon an gyara sha'anin kwanan wata, an yi masa kayan aiki masu hankali, amma ni dole na koma ga tsohon, kuma tsohon nan mugun aboki ne. Watanni yana ƙirga su daga sifili, Janairu sifili, Disamba goma sha ɗaya, in ka manta sai ranar likita ta zame da wata guda cur. In ka ba shi talatin da ɗaya ga Afrilu, ranar da babu ita a duniya, ba zai ce maka ka yi kuskure ba, sai ya mayar da ita ɗaya ga Mayu ya yi gum. Lokaci a wurinsa ba rana ba ne ba dare ba, lamba ce doguwa da yake ƙirgawa tun farkon shekarar 1970, kai ne za ka yi ta fassara ta. Ga wayar kanta ta zo da agogon ƙasar da aka ƙera ta. Ga kuma rezon ƙauyenmu, wato sabis ɗin waya, da yake kusa da iyaka, wani lokaci ya kamo na nan, wani lokaci na tsallake, har na taɓa ganin agogon ya yi tsalle da kansa. Saboda haka na kashe wurin da waya ke karɓar lokaci daga rezo, na saita agogon da hannuna. Na kuma sa wa manhajar sharaɗi: kada ta ambaci magani kafin ranar da aka fara shi, kada ta ambata bayan ranar da ya ƙare. Lahadi uku na yi ina gwaji. In tura agogon gaba da awa goma sha biyu, ta yi magana. In tura shi wata uku, ta yi magana. Na gwada ƙarshen wata, na gwada ƙarshen shekara, har shekarar da Fabrairu ke ƙara kwana na gwada. Duk gwajin nan gaba na yi ta turawa, ko sau ɗaya ban mayar da agogon baya ba.

Tun da Hajo ba ta karatu, muryata na naɗa. Ɗaya na cewa lokacin ɗigo ya yi. Ɗaya na cewa gobe ne ranar Konni, a gaya wa Ladi ta shirya rakiya. Akwai ta uku, wadda na yi don kaina kawai, don in tabbatar manhajar na farkawa duk lokacin da aka kunna waya. Ina zaune ni kaɗai ranar, ban san me zan faɗa ba, sai bakina ya ce:

"Hajo, ina kwana? Ni na. Ina nan, ban manta da ke ba."

Shekara talatin da biyar muna tare ban taɓa gaya mata magana irin wannan ido da ido ba. Mu ba a haka aka rene mu ba. Amma mutum in yana ɗaki shi kaɗai da na'ura, bakinsa ya kan saki. Na yi niyyar goge ta in na gama gwaji, na manta.

Na kai mata wayar tare da ƙaramin faifan sola mai igiya, don kada ta taɓa mutuwa. Na kunna ta tun a hanya, na miƙa mata a kunne, na yi mata huɗuba kamar sabon malamin lakwal, wato makarantar boko. Na ce kada ta taɓa komai, kada ta ba kowa, in ta ji muryata ta yi abin da na ce, ranar Konni ma ta jira sai na faɗa. Ta karɓa da hannu biyu ta ce to. Daga nan ni kuma na sauke kayan daga kaina. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa: takardar likita na ninke ta na sa cikin wani littafi a Malbaza, ranar komawa kuwa na zuba ta cikin waya na cire ta daga zuciyata gaba ɗaya.

Damina ta sauka, aka shiga babban gyaran tanderu, aka soke hutun kowa. Amma kada in fake da wannan, Lahadi tawa ce, kuma daga Malbaza zuwa gida ba tafiyar yini ba ce. Sau biyu kawai na je cikin wata biyar. Sauran Lahadin ina ɗaki ina ƙara wa manhajar ado, ina mafarkin ranar da za a sa ta a wayoyin masu ciwo daga Illela har Badaguishiri. Zuwana na farko na tarar igiyar sola ta tsinke, akuya ta tauna ta, an kai batir caji wajen mai janareto a bakin kasuwa. Kun san yadda ake yi a ƙauye, ba wanda ke ba da wayarsa, batir ake cirewa a aika, a maƙala shi jikin allo tare da na mutane. Na ga wannan da idona sau dubu. Na ce zan kawo sabuwar igiya, ban kawo ba, kuma ban tsaya na tambayi kaina me ke samun agogon tsohuwar waya in an raba ta da batir ba. Zuwana na biyu wayar na ɗaure a bakin zanenta, ban ce ta kawo in duba ba. Ran Juma'a na kan kira, in rezo ya yarda, gaisuwar minti ɗaya, Ladi na gefe, awaki na kuka.

"Wayar na magana?" in tambaya.

"Tana yi, Malam."

"To madalla."

Ana cikin roron wake Ladi ta kira ni a wajen aiki, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yaya, ka taho gida," ta ce. "Jiya na ga tana zuba ruwa gehen randa, ƙasa na sha, ita ba ta sani ba. Wake ma da lalube taka tsinkar shi. Ta hana in hwaɗa maka, amma ni ban iya ƙyalewa."

Rakiya, sauran kin sani, don kina wurin, da goyonki kika tarar da mu a Konni. Likita ya duba ya ajiye fitilarsa, ya ce ina muka shiga, maganin ya ƙare tun wata biyu, idon dama ya bi na hagu, sai ɗan haske da ba zai daɗe ba. Ya kalle ni. Sai Innarku ta riga ni magana.

"Ni ce na yi sakaci, likita. An hwaɗa mini, ban yi ba."

Kika fashe da kuka kina cewa haba Inna, haba Inna. Ni kuma na bar maganar ta zauna a haka, har na ɗan ji sauƙi a raina. Allah ya yafe mini wannan sauƙin.

Bayan kwana biyu na koma Malbaza da wayar, na haɗa ta da kwamfuta. Na sa wa manhajar wani ɗan littafi a ciki, duk lokacin da ta yi magana sai ta rubuta layi ɗaya, da kwanan wata da abin da ta faɗa. Makonnin farko lafiya lau, ɗigon safe, ɗigon yamma, kowanne a kan lokacinsa. Daga nan sai kwanan wata ya koma ɗaya ga Janairu na shekarar da aka ƙera wayar, shekaru da dama baya. Nan take na gane. Ranar da aka fara cire batir agogon ya koma inda aka haife shi, rezo kuma ba zai gyara shi ba tun da ni na hana. Manhajar ta duba ta ga ranar fara magani ba ta zo ba tukuna, saura shekaru, sai ta bi sharaɗina ta kama bakinta. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, abin da na rubuta shi ta yi. Na dafe kai na ci gaba da gangarawa ƙasa. Duk layukan da suka biyo baya iri ɗaya ne, ɗaya ga Janairu, gaisuwa, ɗaya ga Janairu, gaisuwa. Batir biyu gare ta, ana kai caji bayan kwana biyu ko uku, in don caji ne layukan ba za su wuce sittin ba. Na ƙirga har ɗari biyar na daina, ban kai ƙarshe ba. Ana kiran la'asar a masallacin tasha, ni ina zaune da yatsa a kan allo, na kasa tashi.

Washegari na kama hanyar gida. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar wake da hannu, fuskarta na kallon inda ba kowa. Na jira Ladi ta tafi rijiya, na zauna kusa da ita a kan turmi. Na ce mata na duba cikin wayar, na ga tun farkon damina ba ta ƙara kiran magani ba, me ya sa ba ta gaya mini ba. 

"Ranar da anka maido batir, na sa shi, sai na ji ka gaishe ni," ta ce. "Ban san tana yin haka ba. Da marece na sake hidda shi na maida, ka sake gaishe ni. Daga nan ba ka ƙara kiran magani ba. Na ce shi ke nan, na ɓata ta da hannuna, kai ko ka ce kar in taɓa komi."

"To ai da kin faɗa mini, Hajo, da na gyara."

"In ce maka mi? Ka tambaye ni mi ya kai ni hidda batir, in ce mi? Tsohuwa da jikoki." Ta juyar da kai. "Kuma da ka ɗauke ta ka tahi da ita Malbaza."

Ta ce maganin ta ci gaba da sawa bayan asuba da bayan magariba har kwalbar ta ƙare, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba. Ranar Konni ce ta yi ta jira in faɗa, kamar yadda na umarce ta. Na gaya mata ba ita ta ɓata komai ba, tun cirewar farko da aka yi don caji abin ya mutu, laifin rubutuna ne da rashin zuwana. Ban sani ba ko ta yarda. Abin da ta ce kawai shi ne:

"Malam, don girman Allah kar ɗiyan nan su ji. Gara su ce na yi sakaci."

Na yi mata alkawari. Ran Litinin na shiga buro na ajiye aiki, shekara ɗaya da rabi kafin lokacina, abin da da na yi shi wata biyar baya da tana ganin jikokinta. Kun yi ta mamaki, babbanku har ya zo daga Yamai yana yi mini lissafin abin da zan rasa, na ce masa na gaji ne. Kwamfutar na bar wa mai ɗakin da nake haya. Shekara huɗu na yi ina riƙe mata hannu zuwa bayan gida, ina gaya mata wace akuya ta haihu, wane launi ɗan ya ɗauko. Kowace safiya na kan gaishe ta da bakina, ta amsa da lahiya lau a taƙaice ta sunkuyar da kai, kamar amarya. Ba mu ƙara tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da ɗayanku ya zo ya yi mata faɗan da kin kula da kin kula, tana jin ku, ina jin ku, mu yi shiru mu biyu.

Yau na karya alkawarin, kuma na san zan amsa mata a can. Na ga ba zan iya tafiya in bar ku kuna faɗa wa 'ya'yanku cewa kakarsu ta yi wasa da idonta ba. Ku gaya musu ta sa maganinta har ɗigon ƙarshe, sannan ta zauna tana jiran mijinta ya faɗi rana, shi kuwa yana Malbaza ya manta.

Gidan yanzu shiru. Ladi na aiko mini da tuwo, awakin na rabar, in na idar da salla sai in zauna inuwar rumbu har rana ta kore ni. Saura roƙo ɗaya. Ni da na naɗi muryata har kala uku, ban taɓa tunanin in naɗi tata ba, kuma kwanan nan in na nemi yadda take cewa Malam a cikin kaina sai in ji ya fara shuɗewa. Ku duba wayoyinku, tsofaffin ma da kuka jefa cikin akwati. Ko wajen suna ne, ko wajen biki, ko tana bayan wani tana kiran akuya. In akwai wanda ya samu, ko na daƙiƙa biyar ne, ya aiko mini.